Yadda Ake Haɗa Murhun Banda da Tsofaffin Tukwanen Gas

Tukuba da raga a kan garwashi aikinsu gashin gaggawa ne: tsire, balangu, kazar da aka tsaga aka baje. Amma ka ɗora musu kafaɗar rago guda ko ƙirjin sa ka gani. Baya zai ƙone ciki na nan da jini, in ma ya nuna sai haƙori ya yi ta kokawa da jijiya. Irin wannan naman ba ya son wuta a kusa. Zafi kaɗan yake so, hayaƙi na ratsa shi awa biyar, awa shida, har jijiyar ta narke da kanta.

Aikin murhun banda ke nan. Tukwane biyu ne na ƙarfe a kwance, an manne su da walda. A ƙaramar ake hura wuta, a babbar ake jera nama. Zafi da hayaƙi su taso daga ƙaramar, su bi ta kan naman, su fita ta bututu a ɗaya ƙarshen. Ana yin sa da durom, sai dai ƙarfen durom bai wuce kaurin milimita ɗaya da ɗan abu ba, iska na kaɗawa zafin ya gudu, damina biyu kuma ya hude. Tukunyar gas tana kai milimita biyu da rabi zuwa uku, tana riƙe zafi, kuma siffarta ta riga ta dace da aikin.

Tukunyar da za ka nema

Mafi dacewa a sami mai kilo 50 guda ɗaya domin ɗakin nama, da mai kilo 12.5 domin gidan wuta. Abin da masu ƙera irin wannan murhu suke bi shi ne gidan wuta ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗakin nama. Mai kilo 50 tana ɗaukar ruwa lita ɗari da 'yan kai, mai kilo 12.5 kuma tana ɗaukar ƙasa da lita talatin, wato ta ɗan gaza. Ga wanda zai yi aiki da gawayi yana ƙara guntayen itace, wannan gazawar ba komai ba ce. Wanda kuwa yake son hura itace zalla, to ya nemi mai kilo 25 ya rage mata tsawo.

A Kaduna, kasuwar Tsohuwar Panteka ce wurin fara dubawa, domin can za ka sami tukunyar, ka sami angil da rodi da bututu, ka kuma sami mai waldar da zai haɗa maka, duk a layi ɗaya ko biyu. 'Yan gwangwan da 'yan jari bola na cikin unguwanni ma suna samun su, haka masu sayar da gas sukan ajiye waɗanda suka daina aiki. Bisa ƙa'idar hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, shekara 15 ce rayuwar tukunyar gas, kuma shekarar da aka ƙera ta tana nan a buge a jikin hannun sama ko zoben ƙasa. Wadda wa'adinta ya cika ita ce abin nemanka. A ganina gara a yanka ta a yi murhu da a sake mata fenti a mayar da ita kicin ɗin wani.

Tsatsar baya ba ta hana komai. Duba gindi, nan ruwa ke kwanciya, ka ƙwanƙwasa da katako ka ji ko ƙarfen ya ci. Wadda ta lotsa a tsakiyar ciki bar ta, ƙofa ba za ta zauna daidai a kanta ba.

Abu ɗaya da ba a sassauci a kansa: tukunyar gas ɗin girki kaɗai. Kada wani ya haɗa ka da dogayen silindar masu walda don ya ce ƙarfensu ya fi kauri, wasunsu cike suke da wani abu mai tsotse sinadari wanda ruwa ba ya fitar da shi. Tukunyar gas ɗin firiji da na'urar sanyaya ɗaki ba ta da kauri, ragowar abin da ke cikinta kuma in ya ji wuta guba yake zama.

Fitar da gas: a nan ne rai yake

Babu tukunyar gas da za a ce babu komai a cikinta don kawai an buɗe kai ba a ji huci ba. Hucin ya tsaya ne saboda ƙarfin iskar ciki ya yi daidai da na waje, amma cikin cike yake da tururin gas. Kuma gas ba ya bukatar yawa kafin ya kama: in ya kai kusan kashi 2 zuwa 10 cikin ɗari na iskar da ke wuri, tartsatsi ɗaya ya isa. Saboda haka tukunyar da gas ya ƙare iska ta ɗan shiga ita ce ta fi haɗari a gaban giranda, wato injin yanka ƙarfe. Mutanen Kaduna ba sa bukatar dogon bayani kan abin da gas ke yi. Fashewar da ta auku a wani shagon ɗura gas a Sabon Tasha a farkon Janairun 2020 ta ci rayuka, cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa a lokacin.

Kada ka dogara da hanci. Warin da muke ji ba na gas ɗin ba ne, wani sinadari ne ake zuba masa don a gane in yana yoyo. Sinadarin yana manne wa ƙarfe ya yi ta wari bayan gas ya tafi, a tsohuwar tukunya mai tsatsa a ciki kuma yana iya dusashewa gas na nan. Wari ko rashinsa ba hujja ba ne.

Da farko, in tukunyar tana da nauyin da ya wuce na ƙarfenta, ko ka girgiza ka ji motsin ruwa, a ɗaura ta a kan abin girki a ƙone abin da ke ciki har wuta ta mutu. In kanta ya lalace ba ya ɗauruwa, kai wa masu gas su juye, kada ka sake shi a tsakar gida.

Daga nan a fita da ita fili inda iska ke kaɗawa, nesa da murhun girki, janareto, mai shan taba da shagon walda. Gas ya fi iska nauyi. Ba sama yake tashi ba, gangarawa yake yi kamar ruwa ya nemi kwari, don haka a nisanci lambatu, bakin rijiya, ramin masai da ƙofar ɗaki. A buɗe kan gaba ɗaya a bar shi a buɗe kwana ɗaya, a kife tukunyar kai a ƙasa na wasu awanni don mai nauyin ya fita.

Sai kwance kan. Kan tagulla ne da aka ɗaure da ƙarfi, yana kwancewa ne ta hagu kamar kowane noti. A ɗaure tukunyar da igiya ko sarƙa a jikin bishiya ko turke, a sa babbar sifana, a zura mata bututu a hannu don ƙarin ƙarfi, a ja a hankali. Ba a dukan sifana da guduma, ba a ɗumama kan da wuta don ya saki, ba a yanke hannun tukunya da giranda don a sami wurin sa sifana. Waɗannan ukun su ne dabarun da gaggawa ke kawowa, kuma kowannensu tartsatsi ne a bakin tukunya. In kan ya ƙi, a ɗiga masa man juye a bar shi ya kwana.

Da kan ya fita, a tsayar da tukunyar, a zuba omo cikin hannu biyu, a zura tiyo har ƙasa a cika ta da ruwa har ya tumbatsa ya yi ta zuba. Ruwan ne ke kore tururin, domin inda ruwa ya cika babu wurin da gas zai tsaya. Bar ta haka kwana biyu ko uku. A zubar a fili, ba a lambatun unguwa ba, saboda warin kaɗai zai iya tayar da hankalin maƙwabta su ɗauka gas ne ke yoyo. A sake cikawa da sabon ruwa.

Yankan farko da ruwan a ciki ake yin sa. A toshe ramin kan da turken katako da aka naɗe da tsumma, a kwantar da tukunyar, wurin da za a yanka yana sama. Ruwa zai ɗan tsattsafo da faifan ya huda, sai a sassauta turken a rage ruwan kaɗan ya sauka ƙasa da layin yanka. Tun da ruwa da lantarki sun haɗu a wuri guda, mai yankan ya tsaya a kan busasshen katako da takalmin roba, wayar giranda a rataye ta sama, babu mahaɗar waya a ƙasa. Tabarau da safar hannu dole ne. Kuma ba a kusantar rufaffiyar tukunya da wutar kabaid.

Za ka iya haɗuwa da mai walda da zai ce maka duk wannan ɓata lokaci ne, ya sha yanka irinta. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Ka ce masa, "Maigida, yi haƙuri, a cika ta da ruwa a gabana, in ya so in biya kuɗin ruwan." In ya ƙi, ɗauki tukunyarka ka ƙara gaba, masu walda ba su ƙare a Kaduna ba. Duk abin da aka yi wa babbar tukunya, shi za a yi wa ƙaramar.

Zanen ƙofa da yanka ta

Babbar tukunya tana da ɗinkin walda guda biyu da suka zagaye ta kusa da kai da gindi, da guda ɗaya da ya bi tsawonta. A juya ta wannan dogon ɗinkin ya koma ƙasa ko baya. A sa mata duwatsu kada ta mirgina, a ja layi da alli a daidai ƙoƙuwar sama daga kai zuwa gindi. A zagaya cikinta da tef a raba huɗu. Kashi ɗaya, daga layin sama zuwa tsakiyar gefen da za ka riƙa tsayawa, shi ne faɗin ƙofa, kusan santimita 30. Tsawonta kuma ya tsaya kamar santimita 5 kafin kowane ɗinki na zagaye. In aka yanka cikin ɗinki, tukunyar tana iya buɗewa ta karkace.

Ga dabarar da ke raba ƙofa mai zama da mai gatsine. Ƙarfen nan lanƙwasa shi aka yi da ƙarfi, in ka yanke ƙofar gaba ɗaya zai ɗan miƙe, kuma ba za ka sake daidaita ta da ramin ba. Saboda haka a fara yanka layin sama kaɗai, a manna hinji biyu ko uku a kansa tun ƙofar tana jikin tukunya, sannan a yanka gefuna da ƙasa ana barin ɗan santimita ɗaya a kowace kusurwa. Waɗannan kusurwoyin su ne na ƙarshen yankewa. A yi amfani da siririn faifan yanka, mai kauri yana cinye ƙarfe ya bar giɓi babba.

Yanzu tukunya ta buɗe, an zubar da ruwa, ana iya cire zoben gindi da hannun sama. A ƙaramar kuma a yanke ɓangaren kai gaba ɗaya ta zama buɗaɗɗiya, a yanka ƙofa a gindinta ta hanyar da aka bi a babbar.

Kafin a ci gaba da walda, a ƙone su. A tara itace a ciki a hura wuta ƙofa a buɗe, ta ci awa biyu, har fentin baya ya tashi, maiƙon ciki da warinsa su ƙone. A fili za a yi, mutane su koma ta inda iska ke fitowa, yara su yi nisa, hayaƙin fenti ba abin shaƙa ba ne. Wuta matsakaiciya ta isa, in ƙarfe ya yi ja ƙofa za ta murɗe. A bari su huce da kansu, kada a watsa ruwa. Sai a goge ciki da baya da buroshin waya.

Daga nan a kewaye bakin ƙofa da shimfiɗaɗɗen ƙarfe da ake kira falat ba, mai faɗin inci ɗaya, rabinsa a kan ƙofa rabinsa ya leƙo ya rufe giɓin. Ɗigon walda za a riƙa yi nan da can ana tsallakawa, ba doguwar walda a ja ɗaya ba, zafinta yana lanƙwasa ƙofa. Rodin walda geji 12 ya dace da wannan kaurin.

Haɗa gidan wuta da ɗakin nama

Nan ne mai walda zai nuna hannunsa, domin bakin ƙaramar a miƙe yake, gindin babbar kuma kumburarre ne. Gidan wuta a ƙasa yake zama, ba a tsakiya ba. Saman ƙaramar ya tsaya ƙasa da inda ragar nama za ta kasance, wato kamar kashi ɗaya cikin uku na tsayin babbar in an auna daga ƙasa. Dalili kuwa zafi sama yake nema. In gidan wuta ya yi daidai da nama, harshen wuta zai riƙa lasar na kusa, ka koma gashin tukuba.

A ɗora babbar a kan ƙafafunta ko a kan bulo, a tallafo ƙaramar da katako har ta kai wannan matsayi, a tura bakinta jikin gindin babbar, a zana da alli inda ya kamata a rage, a ci da giranda, a sake gwadawa. Sau da yawa za a yi haka kafin su haɗe baki. Yanka kwali a gwada siffar kafin a taɓa ƙarfe yana rage asara. Ɓangaren bakin ƙaramar da ya leƙo ƙasa da babbar a rufe shi da farantin ƙarfe.

A cikin wurin da tukwanen suka haɗu ake huda maƙogwaro, rami mai siffar rabin wata, faɗinsa kamar santimita 20, tsayinsa 8 zuwa 10. In ya yi ƙanƙanta wuta za ta shaƙe, gidan wuta ya yi ja ɗakin nama na sanyi. Gara ya ɗan fi girma. A saman ramin, ta cikin ɗakin nama, a manna faranti a karkace ya gangara ƙasa, ya miƙe kamar santimita 25 a ƙarƙashin raga. Shi ne ke hana zafi tashi nan take ya ƙone naman da ke kusa. Waldar mahaɗar nan a zagaye ta tsaf, babu ko hudar allura.

A ƙofar gidan wuta, can ƙasa, a huda ramuka uku ko huɗu masu faɗin inci ɗaya, a yi musu marfi na faranti mai zamewa ko mai juyawa a kan noti. Wannan ɗan marfin shi ne linzamin murhun duka, kada a bar yaron shago ya yi shi da ka. Ya riƙa motsi ba tare da an doke shi ba, ya kuma rufe ruf in an rufe. A ciki a yi kwandon gawayi da rodi, a ɗaga shi santimita 5 zuwa 7 daga ƙasa, iska ta shiga ta ƙarƙashi, toka ta sami wurin zuba.

Bututu, raga da ƙafafu

Bututun hayaƙi a ɗaya ƙarshen yake, inci 3 faɗi, tsawon kamar ƙafa biyu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kafa shi a ƙoƙuwar sama. In aka yi haka hayaƙi zai bi rufi ya fice bai taɓa nama ba. Bakinsa ya buɗe ne daidai tsayin raga, ko ta gefen kai da gwiwar bututu, ko a zuro shi daga sama ya sauko ciki har kusa da raga. Ramin da aka cire kan tagulla a toshe shi da walda.

Baƙin ƙarfe kaɗai za a sa. Bututun ruwa mai farin shafi da ragar kaji ko ta shinge suna da sinadarin zinki a jiki, in ya ji wuta hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Ragar cikin tsohon firiji ma, da ake yawan gani a kan garwashin masu gashi, shafaffiya ce, a bar ta. A manna angil biyu a tsawon ciki daidai tsakiyar tukunya, a yi raga da rodi milimita 8 a jere da tazarar yatsa, a raba ta gida biyu don ta fita ta ƙofa a wanke.

Ƙafafu na angil inci biyu, tsayin da raga za ta zo daidai ƙugunka, da kanta a ƙasa ta haɗe su, wadda za ta zama wurin ajiye itace. A ɗan karkata murhun kaɗan zuwa ɓangaren bututu, a huda ƙaramin rami a ƙasan wannan ƙarshen a rataya gwangwani. Kitse ya gangara can, kada ya koma wajen wuta, domin kitsen rago in ya kama ba ya jin magana. In za a sa tayoyin baro, su kasance nesa da gidan wuta. Hannun ƙofa na katako, guntun ƙotar fartanya a kan noti biyu ya wadatar. Ma'aunin zafi irin na tanda a huda masa wuri a ƙasan ƙofa kusa da raga, ba a sama ba, domin saman ya fi inda nama yake zafi sosai.

Fenti a baya kawai, kuma mai jure zafi. In bai samu ba a shafe bayan da mai, fentin ƙofa da taga zai kumbura tun ranar farko. Ciki kuwa a wanke, a busar, a shafe ko'ina da man gyaɗa har raga, a hura wuta a riƙe ta wajen digiri 150 a ma'aunin Celsius na awa uku. Man zai kama ƙarfen ya yi baƙi mai sheƙi, shi ne maganin tsatsa. A wannan hurawar ne za ka ga inda hayaƙi ke tsiyaya, ka yi alama da alli a gyara.

Wuta da itace

Gawayi ne tushen zafi, itace ne ke ba da ƙamshi. Gawayin kirya ya fi daɗewa, in ka samu kada ka yi ciniki da yawa. A kunna shi a waje ya kama sosai sannan a juye cikin kwando. Kananzir, fetur da leda ba su da wuri a nan, warinsu yana shiga nama ba ya fita. A kan garwashin a riƙa ɗora guntun itace ɗaya, kaurin hannu tsawon taƙi, duk bayan minti talatin zuwa arba'in.

Marke, tsamiya, gwaba da mangwaro duk suna yi, in sun bushe ƙayau. Ɗanyen itace farin hayaƙi yake yi mai ɗaci. Darbejiya da bishiyar turare a bar wa masu tuwo. Katakon kafinta mai fenti ko wanda aka yi wa maganin gara, da duk wani icce mai farin ruwa irin su tinya da tumfafiya, kada su kusanci abinci.

Zafin da ake nema tsakanin digiri 105 ne da 135. Bututu a bar shi a buɗe koyaushe, da marfin iska ake tuƙi: a buɗe zafi ya hau, a rage ya sauka. Bayan kowane motsi a jira minti goma, ƙarfe ba ya amsawa nan take, wanda ke taɓa marfi kowane minti biyu wahalar da kansa kawai yake yi. Mutane da yawa suna toshe bututu wai don hayaƙi ya zauna ya shiga nama. Hayaƙin da ya zauna shi ke sa nama baƙi da ɗaci yana kama maƙoshi. Wanda ake so siriri ne, shuɗi-shuɗi, da ƙyar ake ganinsa a bakin bututu. In ka ga fari mai kauri yana tuƙuƙi, wuta ce ke neman iska.

Lokacin hunturu iskar Kaduna tana kwashe zafi daga jikin ƙarfe, musamman da asuba. A raɓa murhun jikin katanga, a juya ƙofar wuta kada iska ta riƙa bugun ta kai tsaye, a jera bulon ƙasa biyu ko uku a ƙasan ɗakin nama su riƙe zafi. Amma komai sanyi ko ruwan sama, ba a shigar da shi zaure ko gareji a rufe ƙofa. Iskar gawayi ba ta da wari, kuma tana kisa.

Kafin ka sa nama mai tsada, jera yankan burodi a kan raga daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ka rufe minti goma. Inda ya fi yin ja nan ne zafi ya taru, can za ka riƙa sa kaurin nama.

Naman farko

Fara da kaza, ba ta da tsada kamar rago kuma tana yafe kuskure. Gishiri tun dare, tafarnuwa, citta da masoro, a sa ta wajen digiri 130. Awa uku ko kusa da haka take ɗauka. Ta nuna in tsakiyar cinya ya kai digiri 74. Naman da ya sha hayaƙi yakan yi ja-ja a ƙarƙashin fata ko da ya nuna, don haka launi ba ya faɗin gaskiya, ƙaramin ma'auni mai tsinke da ake soka wa nama ya fi amfani.

Kafaɗar rago ko ƙirjin sa daga mahautan Zango suna cin awa biyar zuwa takwas gwargwadon girma. A bar musu kitsensu. Wajen digiri 70 zafin cikin naman zai tsaya cak, awa ɗaya ko biyu ba ya motsi, saboda ruwan da ke fita daga jikinsa yana sanyaya shi. A nan sabon hannu ke ruɗewa ya tula gawayi, sauri ya haifi nawa. A naɗe naman a takardar siminti mai tsabta irin wadda masu balangu ke amfani da ita in an cire ɓawon da ya taɓa siminti, ko mafi kyau farar takardar gashi ta aluminiyam, a mayar, a jira har ya kai digiri 90 zuwa 95, inda tsinke ke shiga ba turjiya. A sauke a bar shi a naɗe rabin awa kafin wuƙa ta taɓa shi. Yaji mai ƙuli-ƙuli a ƙarshe ake barbaɗa shi, in ya yi awa shida a cikin hayaƙi daddaɗan ƙamshin gyaɗar tafiya yake yi. Ƙofa kuma a rage leƙe, kowace buɗewa zafi ne ke fita.

Ga masu tunanin naman layya: wannan mai laushin ba naman ajiya ba ne. Ruwansa na jikinsa, in ba a ci ba ranar sai firiji, in wutar lantarki ta yarda. Banda ta ajiya daban ake yin ta. A yanka naman sirara a cire kitse, a sa gishiri sosai, a fara da zafin da zai nuna shi tukuna, sannan a rage wuta zuwa digiri 70 ko 80 a bar shi yini guda ana juyawa, har ya bushe ciki da baya ya yi tauri. Tarwaɗa ma haka: a wanke yauƙin da gishiri ko toka, a cire ciki, a lanƙwasa a soke jela da tsinke, a bar ta ta tsane kafin a jera. In ka karya ka ga danshi a tsakiya, mayar da ita.

Bayan an gama, washegari a kwashe toka duka. Toka in ta sha ruwa cin ƙarfe take yi, kuma gidan wuta ne ke fara hudewa. A kankare raga, a shafa mata mai, a zubar da gwangwanin kitse, a kifa wani gwangwanin a bakin bututu, in damina ce a lulluɓe murhun da tamfol bayan ya huce.